Nauyin Barcin Jafaru

Rana ta riga ta hau katanga lokacin da Barira ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon hasken da ya shigo ta ƙasan ƙofa ba ta gane ko na mene ne ba, don rabonta da ta farka ta tarar gari ya waye tun tana 'yar shekara goma sha biyar. Yanzu kuwa ashirin da shida take.

Abu na farko da ta yi shi ne abin da take yi kullum. Ta shafa leɓenta, ta shafa wuyanta, ta haɗiye yawu ta ji ya wuce lafiya. Ta duba hannayenta biyu, babu kumburi ko'ina. Sai ma wani sakayau da ta ji jikinta ya yi, kanta ya yi wasai. Ba a jingine da bango ta farka ba yadda ta saba. Kwance take shame-shame a kan gado, ɗankwalinta a ƙasa.

Nan take tsoro ya kama ta. In har ta yi barci haka, to Inna ba ta kira ta ba ke nan. In kuwa Inna ba ta kira ta ba, wani abu ya sami Inna.

Wanda bai san gidan marigayi Malam Ayuba ba zai ce wannan wace irin wauta ce, mutum ya yi barci mai daɗi ya tashi yana salati. To, akwai dalili. Wata cuta ce a jinin gidan, wadda ba su da sunan da suke kiranta sai “abin gidanmu”. Kumburi ne da ba ƙurji, ba ƙaiƙayi, ba zazzaɓi. Haka kawai hannu zai tashi ya yi suntum har yatsu su kasa lanƙwasuwa, ko leɓe, ko fatar ido, ya yi kwana biyu ko uku ya saɓe kamar ba a yi ba. Wani lokaci a ciki yake sauka, mutum ya wuni yana murƙususu da amai. Duk wannan da sauƙi. Ranar da ake tsoro ita ce ranar da zai sauka a maƙogwaro.

Haka ya ɗauke kakar Barira. Haka ya ɗauke Malam Ayuba cikin dare ɗaya, tun suna tsohuwar Maradun, kafin aikin dam ya tashe su ya kawo su wannan sabon gari mai duwatsu. Cikin 'ya'yansa huɗu kuma Barira kaɗai ta gado, ita da take auta.

Tun ranar da aka binne Malam, Inna Saude ta kafa doka. Barira ba ta kwanciya, sai dai ta jingina da bango a tara mata matasai. A gefen gadon akwai tasar ƙarfe, don in murya ta ƙi fita ta ture ta ƙasa. Sannan ga kira. Sau biyar, sau shida kafin asuba Inna za ta ce, “Auta.” Kuma ba a amsa mata da gurnani. Sai Barira ta ce, “Na'am Inna, lahiya lau nike,” dalla-dalla, don a ji ko muryar ta dushe. In Inna ba ta gamsu ba ta kunna fitila ta haska mata fuska.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ana haka. Uwa da 'ya duk sun rame a tsaye, idanu sun faɗa, kowace na gyangyaɗi a kan aikinta da rana. Ko auren fari da Barira ta yi a Faru wata bakwai ya yi, kuma in za a faɗi gaskiya ba laifin mijin kaɗai ba ne. Wane namiji ne zai jure matar da ke tashinsa cikin dare tana tambayarsa ko muryarta ta sauya? Ranar da ya ga fuskarta ta kumbura har idanu sun rufe, ya haɗa ta da takarda ya maido ta gida. Inna ko fushi ba ta yi ba. In ta zuciyarta za a bi ma, daɗi ta ji.

Barira ta figi zane ta fito tsakar gida a guje, sai ta ja ta tsaya.

Inna na nan lafiyarta ƙalau, zaune a kan turmi da idanu jawur. Baffa Tukur, ƙanen mahaifinta kuma waliyyinta, yana kan tabarma yana jan carbi. Sanusi, ɗan yayan Inna, ladanin masallacin unguwa, yana tsaye ya harɗe hannu a baya kamar wanda ya zo karɓar kyauta. Can bakin zaure kuwa Jafaru ne a tsugune, kansa a ƙasa, har yanzu da busasshen taɓo a ƙafar wandonsa.

Jafaru mutumin Dakko ne ta ƙasar Bakura, yana aiki a injin fasa dutse na kamfanin da ke gina dam. A tashar motar ma'aikata ya san Barira, inda take suyar ƙosai da sassafe, kuma shekara guda ke nan yana nemanta. Sau biyu manyansa suna zuwa, sau biyu ana ce musu a dakata. Jiya Lahadi Baffa ya aika masa cewa katangar gidan ta zube ta gabas, ko zai zo ya kama musu. Bawan Allah daga aikin dare ya sauka, ko runtsawa bai yi ba ya hau mota ya taho. Ya wuni yana kwaɓa ƙasa yana ɗora tubali. Da magariba Inna ta cika masa kwano da tuwo ta bi shi da fura, aka ce dare ya yi, ya kwana a zaure. Barira har murna ta yi, tana ganin Inna ta fara saukowa.

“Tahi ki yi salla tukuna,” in ji Inna, ko kallonta ba ta yi ba. “Yau ke ma kin bi sahun mutanen Dakko.”

Ta yi alwala ta yi sallar asuba da rana a kanta, cike da kunya. Ta dawo ta durƙusa ta gaida Baffa, ya amsa mata gaisuwa mai tsawo, da kwana da gajiya da sanyin safiya, kamar ba shi da wata magana. Sai da ya gama sannan ya ajiye carbi.

“Zamna, Barira. Ke ba yarinya ba ta, kin san aure kin san zawarci, ba mai yi maki dole. Amma abin da munka gani da idonmu sai mun hwaɗa maki. Jiya uwarki ta gwada yaron ga.”

“Gwaji kamar ƙaƙa, Baffa?”

“Tasarki taɗ ɗauka. Da dare ya raba tat tahi bakin zaure tas sake ta bisa dutse. Ni da nike ƙarshen gida sai da na zabura. Awaki sunka watse. Shi ko bai motsa ba. Tas sake ta biyu. Ta ukku har ludayin ƙarhe tas sa ciki. Sanusi da ke bayan katanga biyu yat taho da gudu da sanda, shina tsammanin abin ya taso maki. Munka taru mu ukku bisa kanai da hitila, shina ta minshari. Ko da asuba sai da na girgiza shi kana yat tashi.”

Barira ta juya ta kalli uwarta.

“Shi ya sa ba ki kira ni ba, Inna?”

“In na kira ki ya ji muryata, ai na ɓata gwajin. Leƙa ki dai na yi ta yi.”

“Ni ma ban ji tasar ba.”

“Ke ba ke ka gadi ba. Ke aka gadi.”

“Amma Inna, mutumin da ya kwana tsaye gaban inji, ya wuni cikin taɓo, kinka cika shi da tuwo da hura? Ko wa anka yi ma haka...”

“Shi abin gidanmu sallama yake yi kahin shi zo?” Inna ta katse ta. “Tambaya yake ko maigida ya huta? Mijin aure kullum gajiye yake. Ranar gajiya na gwada shi don ranar gajiya abin ka zuwa.”

Babu wanda ya iya ce mata ƙarya ne. Sanusi ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi kafin kiran salla, ya matso.

“Ƙanwata, ni ba gaba nike da kowa ba. Tun da mai ɗakina ta rasu ɗakin na nan ba kowa, ga shi katanga biyu tsakaninmu da Gwaggo. Ni kwana bai dame ni ba, ko ɓera ya gitta ina ji. Gwaggo na kiranki sau biyar? Ni wallahi sau goma za ni kira ki.”

Sanusi ba mugu ba ne, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, yana ganin ya ajiye mata abin da ya fi lefe. Amma wannan “sau goma” sai ta tsaya wa Barira a ƙirji. Da jiya ne aka yi mata wannan tayi, wataƙila ta yi shiru ta sunkuyar da kai, don ba ta san abin da ake hana ta ba. Yau kuwa ta ɗanɗana.

Jafaru ya miƙe a hankali. Mutum ne dogo mai faɗin kafaɗa, amma a safiyar nan duk ya ƙanƙance.

“Baffa, Inna, ku gahwarce ni. Abin da kunka gani gaskiya na, ba ni da ta cewa. Katangar ku bari ta sha iska kwana biyu kahin a yi mata yaɓe.”

Ya sa takalmansa ya fita.

Barira ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauki mayafi ta bi bayansa, Inna na kallonta, Baffa na kallon carbinsa.

A bakin hanya ta same shi, inda motar ma'aikata ke tsayawa. Sabon garin ba shi da itacen kirki, don haka cikin inuwar wani ƙaton bututun siminti da aka ajiye a gefen hanya ya raɓe. Tipa na wucewa da lodin dutse ɗaya bayan ɗaya, ƙasa na girgiza.

“Haka za ka tahi, Malam Jafaru? Ko sallama?”

“Da wane ido za ni dube ki?”

“Da waɗanda ka ruhe jiya. Ai sun huta.”

Bai yi dariya ba. Ita ma da ta ga fuskarsa sai dariyar ta koma.

“Kar ki yi wasa da zancen ga, Barira. Tun asuba nike aunawa. Tasa ukku. Ukku! A ce ke ta, ba Inna ba. A ce kina kusa da ni kina neman numhwashi, kina tura tasa, ni ina minshari. In tashi da sahe in iske ki...”

Muryarsa ta karye. Ya sa bayan hannu ya goge ido, hawayen suka ƙi tsayawa. Barira ba ta taɓa ganin kukan babban namiji kusa haka ba, sai ta ji nata ma sun zubo.

“Ban san haka nike ba,” ya ci gaba. “Ɗakinmu mu takwas muke, ba mai jin wani. In na sa kai ƙasa sai dai a ja ni. Na riƙa gaya ma kaina ni za ni tsare ki, ashe ko akuyar gidanku ta hi ni. Ki auri Sanusi. Ya hi ni.”

“Ya hi ka tashi, wannan gaskiya ta. Ni ko ba mai gadi nike nema ba.”

“To mi kike nema?”

Ta zauna a kan wani dutse nesa da shi kaɗan, ta share fuska da gefen mayafi.

“Yau na tashi ba ciwon kai. Ka ji ni? Ni na ɗauka kowa da ciwon kai yake tashi. Na ɗauka haka Allah ya yi sahiya. Shekara sha ɗaya ina zaune kamar mai jiran mota, in na hwara nutsewa a kira ni. Jiya dare ɗaya anka manta da ni saboda kai, sai na ji yadda mutane ka ji. Ba ni komawa, Jafaru. In Yaya Sanusi ya kira ni sau goma, ba kumburi za ya kashe ni ba.”



“Ka manta abin da likita yac ce?” ta tambaye shi.

Bai manta ba, don shi ya yi ta naci bara har aka bari likitan kamfani, wani Bature, ya duba ta. Ta bakin tafinta likitan ya gaya musu cewa ba shi da maganin da zai cire cutar daga jini. Amma ya ce na maƙogwaro galibi ba ya rufe mutum farat ɗaya. Yakan ɗauki sa'o'i yana tasowa, murya ta fara dushewa, haɗiya ta yi wuya, kuma in aka kai mutum asibiti a lokacin akwai yadda za a buɗe masa hanyar numfashi. Ya ƙara da cewa gajiya da fargaba suna janyo shi. Da aka kawo wa Inna wannan bayani cewa ta yi likita bai taɓa binne nasa ba.

“Galibi yac ce,” in ji Jafaru. “Bai ce kullum ba.”

“Na ji shi. Ni ma ban ce maka ba ni mutuwa ba. Abin da nike so, kowane dare bayan isha'i, kahin ka sa kai ƙasa, in yi maka magana ka saurara da kyau. In ka ji muryata ta sauya, ko ni na ji yawu na tsaya mani, ka ɗauke ni bisa keke mu kwana ƙohwar asibiti. Daga inda kake ai ba nisa. In ko lahiya lau ta, mu yi addu'a mu kwanta kamar mutane.”

“In anka gama dam hwa, likita ya koma garinsu?”

“Sai mu nemi ɗaki kusa da asibiti, ko Mahwara ko Gusau. Ƙosai ko'ina ana ci, dutse ko'ina ana hwasawa.”

“In daren da ba galibi ba ya zo hwa?”

“To ya zo. Na yahe maka tun yanzu, ga rana ga Allah.”

Motar ma'aikata ta bayyana daga nesa, ya miƙe ya karkaɗe wandonsa.

“Ina sonki, Barira, har ban san yadda za ni hwaɗi ba. Amma matar nan shekara sha ɗaya ba ta kwana saboda ke. Ba ni ɗauke ki ina ji ina gani tana kuka. In ta ce to da bakinta, ko gobe a ɗaura. In ba ta ce ba, kar ki sake jirana wurin ga.”

Ya kama ƙarfen motar ya haye, bai waiwayo ba.

Bayan la'asar gidan ya yi tsit. Sanusi ya koma masallaci, Baffa na ɓangarensa yana gyaran igiya. Inna na zaune a gindin katanga tana tsince waken ƙosan gobe a faifai. Barira ta zauna kusa da ita ta ɗebi nata ta fara tsinta. Sai da suka kai rabin kwano sannan Barira ta ɗago kai.

“Inna, Jafaru nike so.”

“Na sani.”

“Ya ce ba ya aurena sai kin ce to da bakinki.”

“To ya hi ki hankali.”

Barira ta haɗiye wannan. Ta san uwarta, in aka biye mata a nan sai a kai magariba ba a shiga maganar ba.

“Ki ce to, Inna, don Allah.”

“In kin tahi ɗakinai, wa za ya kira ki?”

“Ba kowa.”

“Ba kowa,” Inna ta maimaita, ta jefar da wata tsakuwa da ƙarfi.

“Kiran nan bai taɓa hana abin zuwa ba, Inna. Sau ɗaya ya taɓa sauka mani wuya, kuma da rana tsaka na, mota ta cece ni ba tasa ba. Ki dubi idonki. Shekaranjiya kina gyangyaɗi bakin murhu har zanenki ya kama. Ni na gaji, ke ma kin gaji. Ko Baba da kina kanai kina kallo, ai bai hana...”

“Yi mani shiru!”

Faifan ya karkace, wake ya zube. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Barira ta sha ganin fushinta, amma wannan ba fushi ba ne.

“Ke mi kinka sani? Kowa na cewa Saude ta yi ƙoƙari, Saude na kanai har ya cika. Ƙarya ta. Ni na bari anka hwaɗi haka don ban iya gyarawa. Kwana nike yi, Auta. Mun wuni dakan biki, na sa kai na tahi. Ban ji ya tashi ba, ban ji ya hita ba. Da asuba na iske shi zaune bakin ƙohwa ya jingina da bango, ya yi sanyi. Taki ukku tsakanina da shi. Taki ukku! Da na ji shi, da ko ruwa na ba shi, da ko hannunai na riƙe. Shi ya sa da na ga yaron nan jiya shina minshari, kaina na gani. Kina so in ba da ke ga irina?”

Ta rufe fuska da tafin hannu tana kuka mara sauti.

Barira ba ta taɓa jin wannan ba. Duk shekarun nan ta ɗauka tsoro ne kawai ke hana Inna barci, ba ta san laifi ta ɗora wa kanta ba. Kuma a duk duniya ita kaɗai ta san laifin ba na Inna ba ne. Ta san in ta faɗa wataƙila ta sami Jafaru, ta kuma san abin da faɗar za ta ja mata. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ta buɗe baki.

“Ba ki ji shi ba don bai so ki ji ba.”

Inna ta sauke hannunta.

“Mi kinka ce?”

“Ina nan, Inna. Na hito kewayawa na gane shi zaune bakin ƙohwa. Muryarshi ta dushe tun magariba, ya ɓoye maki. Na ce bari in tashe ki, yar riƙe mani hannu. Da ƙyar nike jin abin da yake hwaɗi. Yac ce gulbi ya cika, mota ba ta shigowa sai ran kasuwa, ba abin da za ki iya sai kallo. Yac ce ya ga na uwarshi, ya san yadda abin yake, bai son ki gani. Yac ce, ‘Bar ta ta yi kwana, ta gaji.’ Yac ce in koma ɗaki.”

“Kinka koma.”

“Na koma. Na ja zane na ruhe kaina. Na yi tsammanin da sahe za ya saɓe kamar kullum.” Kuka ya ci ƙarfinta, da ƙyar ta ƙarasa. “Ban hwaɗa maki ba don tsoron ki ce ni na kashe shi. Ban san kina ɗauke da shi ba, Inna. Wallahi ban sani ba.”

Kaji suka taru a kan waken da ya zube, ba wanda ya kore su. Inna na kallon 'yarta kamar yau ta fara ganinta.

“Shekara goma sha ɗaya,” ta ce a hankali. “Ɗaki ɗaya muke kwana.”

“Ki yahe mani.”

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta, ta taka zuwa bakin ɓangaren Baffa.

“Malam Tukur!”

“Na'am, Yaya Saude.”

“A aika Dakko. Su turo manyansu ran Juma'a.”

Baffa ya leƙo da igiya a hannu, baki buɗe.

“To gwajin hwa?”

“Na ce a aika.”

Ta juyo. Barira ta taso da sauri za ta riƙe ta, Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

“Kin samu mijinki. Allah shi ba ku zaman lahiya, da zuciya ɗaya na hwaɗi. Amma kar ki biyo ni.”

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, Barira ta ji ƙarar sakata. Ta sami abin da take so, kuma ba ta ji daɗin komai ba. Ta sulale ta zauna a bakin ƙofar ta jingina kanta da ita.

Can sai ta ji muryar Inna daga ciki, ƙasa-ƙasa, tana magana cikin kuka. Ba da ita take ba. Sunan da kunya ba ta taɓa barin Inna ta faɗa ba take kira, sunan da Barira ba ta taɓa ji a bakinta ba tun da aka haife ta.

“Ayuba,” take cewa. “Ayuba, don mi ba ka tashe ni ba?”